Dorinar da ke cikin allon Bature

Har yau akwai masu kirana Dorina, wasu a bayan idona, marasa kunya a gabana, kuma ban yafe ba. Daga bakin gulbin Wurno har Rabah, in ka tambayi gidan Dorina ba mai tunanin dabbar ruwa, ƙofata za a nuna maka. Ba ubana ya raɗa mini sunan nan ba. Wani Bature ne da ko gaisuwa bai iya ba ya jawo mini shi da guntun katako. Komi zan manta a duniya ban manta wannan, shi ya sa na jiƙa tawada na zauna in rubuta shi da hannuna, ko da rubutun nawa ya yi kama da sawun kaji. Na gaji da jin labarin a bakin waɗanda ba su nan lokacin da anka yi.

Ni ban yi karatu da ƙuruciya ba. Sai da haihuwa ta bar ni, furfura ta fara leƙowa, sannan na shiga cikin matan da ke taruwa wajen jaji, dattijuwar da ke koya muna addini da baƙi. Shekarar da abin ya faru ina kan babbaƙu, wato ina gane haruffa ɗai-ɗai amma ban iya haɗa su ba. Kun san sabon shiga. Ko tsagar bango na gani sai in tsaya in ce wannan lam ne.

Mai gidana, Allah shi gafarta mishi, mai fito ne, da jirginshi ake ƙetare Rima ta mashigarmu. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, don tawa ta ishe mu mu biyu. Amma Allah ya yi shi da tsoro. Mutum ya tsufa bisa ruwa, amma in kifi ya yi tsalle kusa da jirgi sai ka ji shi shina salati. Ni kuwa ina da ɗan lambu a fadama, gadon ubana, inda nike albasa. Da ita nike tufatar da kaina, da ita nike zuwa biki ban sunkuyar da kai ba. Wanda ya san albasa ya san dashe ba ya jiran kowa. Ruwa ya janye, ƙasa na da laima, iri ya kai, sai a dasa. In ka yi sake ƙasa ta tsage, iri ya tsufa a tsaye, shekara ta tafi ke nan. Irina na bana a bayan ɗaki na yafa shi kusa da rijiya, ya fito kore shar, saura kaɗan shi kai.

Ana nan sai ayarin wasu Turawa ya sauka Wurno, sun zo gaida manya. Akwai guda cikinsu, siriri mai jan gemu, da ba ya zama masauki. Kullum da safe sai shi hau jaki shi zo bakin gulbi shi zauna gindin wata giyayya, da wani abu bisa gwiwa. Daga nesa na ɗauka abinci shike ci, don hannunshi na kai da komowa. Na ce a raina wannan da cin nan nashi har yanzu bai yi ƙiba ba.

Wata safiya na gama gyara fangalai, wato 'yan gadajen da ake dasa albasa a ciki, na daidaita su sumul. Ina sanye da zanin aikina, tsohon zanin shuni wanda ya taɓa ƙonewa ta baya ranar da na zauna kusa da murhu ina faɗa ban lura ba. Da zan yi mishi maho ban samu baƙin ƙyalle ba, ja na samu, ja na ɗinka. Wa zai duba bayan tsohuwa a fadama? To ina ɗaga kai sai na ga jakin Bature ya kwance ya shigo lambuna, ya zaɓi fangalin da ya fi kyau ya kwanta shina birgima. Na bi shi da hauya. Na zagi jakin, na zagi uwar jakin, na juya wajen mai shi na ba shi rabonshi ina kaɗa hauya sama. Mutumin nan sai ya ɗaga malfa ya yi mini murmushi. Na duƙa ina gyaran ɓarna ina ci gaba da zagi har rana ta yi sama.

Ranar da za su tafi mai gidana ya ƙetare da kayansu. Da hantsi sai ga shi ya shigo gida fuska duk ta yi toka, da wani abu naɗe a cikin riga.

"Innar yara, mun mutu."

"Wa yam mutu?"

"Ba a kai ga mutuwa ba tukuna, amma ana hanya."

Ya zaro wani katako shafaffe da bai kai kamu guda ba, ba shi da mariƙi irin na allonmu. Fuskarshi guda an dangwala mata launi kala-kala, shuɗi da kore da rawaya da fari da ja-ja, da kauri kamar da yatsa anka shafa, ga warin mai da ya daɗe. In kaji sunka faɗa marina sunka fito sunka yi dambe bisa faifai, to abin da za a samu ke nan.

Ya ce mai jan gemu ne ya ba shi. "Yan nuna allo, yan nuna gulbi, yan nuna wajen unguwarmu. Sannan yab buɗe hannuwa haka, yak kumbura kumatu, yad duƙa, yat tashi shina ruri shina kaɗa hannu sama. Yaƙ ƙare yai ta dariya har da hawaye."

"To mi yac ce?"

"Tahinta ya riga ya ƙetare da kayan hwarko, wa za ya hwaɗa mani? Ni dariyar ta hi ba ni tsoro."

Da ina da hankali a lokacin da na tambayi kaina, wace halitta ce a bakin gulbin nan ke duƙawa ta tashi tana ruri tana kaɗa hannu sama? Ban tambaya ba.

Malam, wato mai gidan nawa, ya ji kunyar kai abin gaban manyan malamai, kada a ce mai fito na ɓoye layar Nasara. Ya ce tunda ina zuwa makaranta in karanta muna. Ban taɓa jin girma irin na ranar ba. Na wanke hannu, na shimfiɗa tabarma, na aza allo a cinya, na yi gyaran murya irin na jaji, na kai hanci.

"Ga alihi nan da yawa," na ce, "sai dai duk sun karkace. Ga kuma wani kamar ba, amma an manta ɗigon."

"To mi yah haɗa?"

"Ba mu kai haɗi ba tukuna."

Muna cikin haka maƙwabcinmu wanzami ya yi sallama. Shi mutum ne da ba a taɓa tambayarshi abu ya ce bai sani ba, kuma duk abin da ya ji da safe ya kai Goronyo kafin azahar. Ya karɓi allon ya kai shi ido har gemunshi na gogar launi, ya aza yatsa bisa wani baƙin dunƙule mai jan ɗigo a tsakiya.

"Malam, ka gode Allah. Dorina ta."

"Ina?"

"Ga ta nan bakin ruwa. Ga doro, ga jan ido guda, ɗayan na wancan gehe. Turawan ga suna da madubin da ka gani har ƙarƙashin ruwa. Ya gan ta, yaj ji tausayinka. Ka auna ta da iccen ga na kusa, ta kai rumbu. Kuma mace ta, ga ɗanta nan, wanga ɗan hwarin abu. Mai jego. Su sunka hi mugunta, ba su jin lallashi, ba su jin magana."

Na leƙa ta kafaɗarshi na ce, "Lalle wagga muguwa ta. Dubi yadda tat turo baya, ko kunya babu."

Da bakina na faɗi haka, kuma akwai shaidu.

Kafin la'asar an jawo jirgi bisa tudu an kife. Masunta sunka naɗe komarsu. Mata sunka bar zuwa wanki. Da labarin ya kai Tursa, dorina ta riga ta haɗiye doki da mahayinshi. Da ya kai Sisawa, har da sirdi. Wanda duk ke son ƙetarewa sai shi zagaya wata mashiga mai nisa, shina tafe shina waiwaye.

Da gari ya waye na nemi hauyata ban gani ba. Na iske Malam ya shimfiɗa buzu a zaure ya tare ƙofa.

"Malam, ina hauyata?"

"Ta tahi unguwa."

"Iri ya kusa kai."

"Na sani, Innar yara. Amma in tat taune ki, wa za ya riƙa yi mani hwaɗa? Gidan ga shiru za ya yi, ni ko shiru tsoro shika ba ni."

Idanunshi sunka kawo ruwa. Da tsawa ya yi mini da na tsallake shi na wuce, amma mutum na kuka don kada a cinye ka, mi za ka ce mishi? Ban da haka ni ma ina da nawa tsoron. Tun muna yara muke jin yadda dorina ke raba jirgi biyu. Na koma ciki na zauna.

Abin ya haɗa muna da baƙuwa. Goggon Malam, ƙanwar ubanshi, ta yi aure cikin Fulanin ƙetare, daga can take kawo nono kasuwa. Ta ƙetaro da safe ranar da anka kife jirgi, hanyar komawa ta toshe, ƙafarta kuwa ba ta iya zagaye. Ta sauka ɗakina da ƙoranta. Nonon ya yi tsami, ya ƙara tsami, har ƙuda sunka fara gudunshi, amma ta hana a zubar, ta ce mu za mu sha tunda mai gidanmu ne ya hana ta tafiya.

Gidanmu ya koma kamar gidan suna. Kullum mutane na zuwa ganin allo, kuma kowa ya zo sai shi zauna shi aza shi a cinya shi duƙa a kai. Haka muka san ana yi wa allo, ba wanda ya taɓa ganin an tsaya daga nesa ana karatu. Batun dorina an riga an gama shi, yanzu gardamar ita ce mi allon ke nufi da sauran launin. Wanzami ya ce jan da ke sama jini ne, allon gaba ɗaya fushi ne da gargaɗi. Malam ya ce a dubi shuɗin nan yadda anka yi shi gutsi-gutsi, ruwa ne da kanshi ke makyarkyata don tsoro. Wani masunci ya daɗe shina kallo ya ce shi dai yunwa abin ya sa mishi. Anka shiga musun ko safiya ce ko marece. Wanzami ya ce marece, don da marece dorina ke fita kiwo. Malam ya ce shi bai ga safiya ba bai ga marece ba, wannan ranar da ba a komawa gida ce.

Goggo ta ce, "Ku ba ni in gani, ɗiyan ga." Ta karɓa ta juya shi kai ƙasa, ta tsura mishi ido. Sai munka ga hawaye na bin kuncinta.

"Wa yac ce muku hushi na? Kewa ta. Shanu na, sun taso kiwo za su gida."

Shanun mijinta ciwo ya share su shekarun baya, ba ta cika maganarsu ba. Ta aza yatsa bisa wani farin ɗigo ta ce wannan saniyar da anka ba ta ta aure ce, ta gane ta da tafiya. Wanzami ya leƙo ta kafaɗarta ya yi gyaran murya.

"Goggo, kin juya dorina ƙahwahu sama."

"In ƙahwahunta na sama ai ta mutu. A tura jirgi in tahi gida."

Ni kuwa duk lokacin da na duba kore nike gani, koren ya tuna mini iri, in tashi in zagaya bayan ɗaki. Ya kai, ya wuce kai, bakin ganyen ya fara rawaya. Daga tudunmu ana hango fadama, kuma ina ganin ƙasar tana sake launi, baƙinta na komawa fari daga gefe.

Wanzami ne ya kawo shawarar sha. Ya ce wanda ya rubuta dorina ba zai rasa rubuta maganinta a ciki ba, kuma tunda allo ne, a wanke a sha kamar yadda ake yi wa rubutu. Anka kawo ruwa a ƙwarya anka wanke. Ko ɗigon launi bai fita ba, sai wani maiƙo-maiƙo da ya taso bisa ruwan. Anka sa soso, shiru. Wanzami ya ce wannan shi ke nuna ƙarfin abin, tawadar da ruwa ke ci ai ta kowa ce. Ya miƙa wa Malam, ya ce shi kam ya riga ya karya da fura, ba a haɗawa. Malam ya rufe ido ya shanye ƙwarya guda. Yinin ranar a bayan gida ya yi shi. Duk fitowar da zai yi sai shi dafa bango shi ce, "Ina jin tsoron na hita." Tsoron bai fita ba. Kashegari anka sake wankewa.

Bayan wani wankin ne na ɗauki allon na jingine shi jikin rumbu shi bushe, don na gaji da tuntuɓe da shi a ƙofar ɗaki. La'asar ce. Malam na zaure shina gadi, Goggo ta yi barci gindin zogale. Na tafi can ƙarshen gida wajen turmi na kama daka, ina kirɓa gero kamar shi ya yi mini laifi. Na ɗaga taɓarya, na ɗaga kai, taɓaryar ta tsaya a sama.

Gulbi ne jingine jikin rumbuna. Gulbinmu, mashigarmu, da sassafe, lokacin da rana ta fito ba ta fara cizo ba. Jan da wanzami ya kira jini hasken gabas ne ya zubo cikin ruwa. Shuɗin da Malam ya ce makyarkyata shike, ƙyallin nan ne da ruwa ke yi in 'yar iska ta shafe shi. Alifaina da sunka karkace ciyawar bakin ruwa ce. Ba ɗin da anka manta wa ɗigo jirgin Malam ne a ɗaure. Na aje taɓarya na matsa kusa, gulbi ya watse ya koma damben kaji. Na ja da baya, ya dawo. Na matsa, na ja, na matsa, na ja, da wani ya leƙo da ya ce tsohuwa ta fara rawa ba kiɗa.

Sannan na nemi dorina.

Mace ce ta duƙa, kai ƙasa, baya sama, cikin zanin shuni. Ɗan dorinar ƙwaryata ce ta ban ruwa. Na juya a hankali, ga zanin aikina shanye bisa igiya, jan mahon nan ya zuba mini ido.

Na zauna bisa turmi. Da fari abin da ya zo mini shi ne in sa allon a murhu. Na ma tashi. Amma na sake kallonshi daga inda nike, sai na fasa. Tun ina goye ake kai ni gulbin nan. Na san inda laka ke kama ƙafa, na san inda sauro ke kwana, na san watan da ruwa ke wari. Amma ban taɓa tsayawa na dube shi ba. Kullum kaina na ƙasa, ko dai ina dasawa ko ina cirewa ko ina neman wanda ya taka mini. Ashe haka shike da kyau a bayana duk shekarun nan. Kuma duk faɗin allon babu fushi ko na ƙwayar gero. Matar da ke ciki kamar tana yi wa ƙasa raɗa cikin lallashi. Ni na san mi take faɗi, kuma ba irin maganar da ake zubar wa tawada ba ce.

To ga inda na tsaya. In na yi shiru, ba wanda zai sani har abada, don ba wanda zai taɓa ja da baya, amma iri ya mutu, fadama ta tsage. In na faɗi gaskiya, jirgi ya koma ruwa, in yi dashe, amma duk abin da anka faɗa a kan dorina a kaina zai sauka, tun daga girman rumbu har doki da sirdi. Ga kuma nawa da na ƙara da bakina.

Na yafa mayafi na ce wa Malam za ni wajen jaji, ya matsa mini don ba hanyar gulbi ba ce. Na iske ta tana kaɗi. Na durƙusa na gaishe ta na kwashe labari duka na faɗa mata. Mace ce mai kamun kai, ban taɓa ganin haƙoranta ba sai ranar. Ta yi dariya har mazari ya suɓuce ya gangara ƙofa.

Da ta samu numfashi ta ce, "Hwarko dai, wanga ba rubutu na ba. Ki ce ma mijinki shi bar sha."

"Inna, in na hwaɗa, sunan ga za ya bi ni har kabari."

"Za ya bi ki."

"In na yi shiru hwa?"

"Sai ki zauna da sunanki mai kyau da busasshen lambu. Masunta su ci gaba da kwana da yunwa, Goggo ta ƙare rayuwatta ɗakinki."

Wannan na Goggo ya shige ni ƙwarai. Amma akwai sauran abin da ke cina.

"Inna, allon ƙarya yay yi. Ranan nan hushi nika yi kamar in ci wuta, shi ko ya sa ni cikin kwanciyar rai."

"Ke mi kinka gani ranan?"

"Jaki."

"Shi ko gulbi yag gani, ke kina ciki. Wanzami kullum jini shika gani wurin aiki, yag ga jini. Goggo tag ga shanunta. Mijinki ko hwarin allo anka ba shi sai ya samu abin tsoro ciki. Ke ma da kinka zo da babbaƙu, babbaƙu kinka gani. Tashi ki tahi, magariba ta yi."

Na daɗe ina juya maganar nan, har yau ban gama ba. Abin da na koya shi ne, in ka ji mutum na ba da fassarar abu da ƙarfin murya, ka saurara da kyau, yawanci kayan cikinshi shike zazzage maka. Na kuma koyi cewa akwai abin da in ka kai mishi hanci ba ka ganin komi sai dabbare-dabbare, kuma ba allo kaɗai ba. Miji ma haka ne, 'ya'ya ma haka ne, har ranar da ka ɗauka ta fi kowace rana muni. Tun daga lokacin in raina ya ɓaci nikan ja da baya in sake dubawa. Ba kullum ba. Wani lokacin nikan fara zagin tukuna.

Da asuba bayan na yi salla na shiga rumbu na tono hauyata ƙarƙashin dawa, don tun ranar farko na san nan take. Na ciro zanin shuni daga igiya na ɗaura shi tamau, na daidaita mahon inda ya saba zama. Na tumɓuke iri na cika farar ƙwaryata, na saɓa hauya, na matse allo a hammata.

Malam ya miƙe daga buzu. "Innar yara, ina zuwa?"

"Wurin dorina."

Na tsallake ƙafarshi na fita. Ya biyo ni da gudu shina kiran wanzami, wanzami ya fito da zabira a kafaɗa da mashin aro, shina tafe shina laɓewa bayan Malam. Goggo ta ɗauko ƙoranta ta biyo mu, ta ce ko dorina ce za ta ƙetare da ita ta yarda. Kafin mu kai fadama rabin unguwa na bayanmu.

Rana ta fara fitowa, ruwa ya ɗauki ja. Na jingine allon gindin giyayyar da Bature ke zama, na ce kowa shi ja da baya. Sunka ja. Na ce su ƙara. Sunka ƙara, wanzami ya fi kowa nisa. Na ce, "Ku dubi allo, sannan ku dubi can." Na gangara lambuna, na aje ƙwarya gefe, na ba su baya, na duƙa.

Ina duƙe ina jin ruwa na lasar gaɓa. Goggo ce ta fara, wata irin dariya mai kamar shaƙuwa, na ji ƙoranta sun zube. Sai muryar wanzami daga can nesa: "Ai ni tun hwarko na ce mace ta."

Malam ya matso kaɗan. A hankali ya ce, "Innar yara, har da idon."

Ban ɗago ba. Na ce, "Awo, har da idon. Kun gan ta, kun huta. Ba ta cin jirgi, amma duk wanda yat taka mata hwangali za ta taune shi. Malam, tura jirgi ka kai Goggo gida."

Na soka yatsa cikin ƙasa, na ji da sauran laima. Na zaro iri guda na dasa.